Ranar Da Na Zare Igiyar Wuta

Shagona ɗaki ɗaya ne a Dogon Dutsi, bayan gudron kaɗan, wato titin kwalta, kusa da inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Ina buga wa mutane takardu, ina yin fotokofi, ina cike musu dosiye, wato tarin takardun neman aiki ko karatu. Karatuna bai wuce kwaleji ba, amma na yi shekaru ina aikin sakatare kafin in buɗe shagon, kuma a can na koyi cewa kowane aiki yana da abin da ake fara yi da abin da ke bin sa. Ina da dokoki da na rubuta a kwali na manna a bango. Ta ɗaya, wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama. Ta biyu, ba a haɗa salular kowa da kwamfutata, saboda birus mai lalata na'ura. Akwai ta uku wadda ban rubuta ba domin ni kaɗai ta shafa: da zarar kuran, wato wutar lantarki, ya ƙyafta, in zare komai daga bango, in jira kwata guda kafin in mayar. Wata shekara wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi ta ƙone mini injin fotokofi, tun daga ranar hannuna yake zare igiya kafin kaina ya yi tunani.

Cikin wata damina wata mata ta zo mini daga wajen Sukukutane. Bafillata ce, 'yar makiyaya, ta yi karatun lafiyar dabbobi, ta daɗe tana bin masu allurar shanu ba tare da an ɗauke ta aiki ba. An buɗe konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata, ta intanet ake ajiye dosiye, kuma akwai iyakar shekaru. Wannan ce shekararta ta ƙarshe. In ta wuce, ba za a sake karɓar takardunta ba.

Ba ita kaɗai ta zo ba, da mahaifinta ta zo. A gidansu duk wata takarda, ta haihuwa ce ko ta lakwal, wato makaranta, ko ta shaidar ɗan ƙasa, tana cikin akwatin ƙarfen tsohon, mabuɗin yana ɗaure a aljihun rigarsa, kuma takarda ba ta kwana a waje. Shi ya kawo su da kansa ranar kasuwa, naɗe cikin leda biyu. Ya zauna a benci yana miƙo mini ɗaya, sai na ɗauki hotonta da sikana na mayar masa, ya duba gaba da baya, sannan ya ba ni ta gaba. Bakwai ne. Tsarinsa ya burge ni, na kuwa faɗa masa. Saura takardar likita ɗaya, wadda aka ce mata sai ranar ƙarshe za ta fito. Muka yi da ita ta dawo ran nan da rana tsaka mu aika duka, tunda sai ƙarfe biyar na marece ake rufewa.

Da za su tafi ta fiddo salularta.

"Ba'are, sa mini su nan mana, in riƙe nawa."

Mu Arawa da Fulani abokan wasa ne, shi ya sa take kirana haka. Na nuna mata kwalin da yatsa.

"Tsoron salular Bafillata kake?"

"Ku da kuke kwana da shanu, wa ya san abin da ke cikin salularku."

Tsohon ya yi dariya ya ce ai bawansu ne ni, bawa kuwa ba ya ɓatar da kayan ubangidansa. Suka tafi. Kwana biyu bayan haka ya tashi da shanu ya yi arewa don ya nisanci gonaki, akwatin yana kan jaki.

Ranar ƙarshe na buɗe ƙarfe takwas. Na yi shara, na goge tebur, na kunna kwamfuta. Irin ta ɗauka ce, tsohuwa, batirinta ba ya riƙe wuta sai ɗan lokaci. Sati biyu ke nan wani saƙo yana fitowa a gefen fuskarta, wai tana so ta sabunta tsarinta, abin da masu gyara ke kira mizajur. Kullum ina ɗage shi. Ran nan na ce a raina, aiki mai muhimmanci yana tafe, bari in kawar da wannan tun da safe kada ya tare ni da rana. Na danna. Fuskar ta koma shuɗiya, ɗigo-ɗigo suna zagaye, lamba tana hawa a hankali, a ƙasa an rubuta da Faransanci kada a kashe na'urar. Na karanta, na kuma gane.

Lambar tana talatin da wani abu sai fanka ta rage gudu, ƙwan fitila ya yi ja ya dawo. Ban san lokacin da na sunkuya ba. Na zare igiyar da ta haɗa komai, na duba agogo, na fita bakin ƙofa in ga fitilar telan da ke maƙwabtaka da ni. Tana ci lafiya lau. Wutar ba ta ɗauke ba, ƙyaftawa kawai ta yi. Amma kwata bai cika ba, sai na tsaya. Wani dattijo ya zo yana tambayar yadda ake sabunta katin shaida, na tsaya ina lissafa masa takardun da ake nema. Da na juyo ciki, fuskar kwamfutar baƙa ce.

Na mayar da igiya na danna maɓalli. Ta yi shiru, sannan ta kawo wani rubutu cewa tana ƙoƙarin gyara kanta. Na zauna na ɗora hannuwana kan gwiwa. Fiye da awa guda ɗigon nan suna zagaye. Mutum biyu suka zo fotokofi, na yi musu, ban san abin da na ce musu ba. Wajen ƙarfe goma da rabi ta buɗe. Na ga jakar da na sa takardun matar tana nan inda na ajiye ta, na yi hamdala. Sai idona ya sauka ƙasan fuskar. Alamar batir ta yi ja, an rubuta an haɗa amma ba ya ɗaukar wuta. Alamar rezo kuwa, wadda nake kama intanet ɗin salulata da ita, babu ita sam. Ina cikin kallo, ba tare da wani gargaɗi ba, ta mutu.

Na ɗauko kaye, littafin da nake rubutu a ciki, da bik, wato biro. Haka nake yi in abu ya rikice, in rubuta shi daki-daki. Na rubuta: ɗaya, wuta. Biyu, rezo. Uku, aikawa. Na fara da na ɗaya. Na canza wurin da na soka sharja a bango. Na duba ƙaramar fitilar sharjar, tana ci. Na zare bakinta na hura na mayar. Na karɓo rallonj, doguwar igiyar wuta, a wurin tela na jawo wuta daga shagonsa. Duk lokacin da na kunna sai ta tashi, ta yi minti biyu ko uku, ta mutu. Na shiga rubuta mintocin a kaye. A karo na biyar ba ta kai minti biyu ba. A karo na shida, da na danna, sai da ta yi jinkirin da na ƙirga goma sha biyu kafin fitilarta ta kama. A nan ne tsoro ya shige ni sosai. Na ga kowane kunnawa kamar ina rage mata kwana ne, kuma akwai karon da zan danna ba za ta amsa ba, takardu bakwai suna ciki, na asali kuma suna kan jaki a dajin da ko rezo babu.

Matar ta iso sha biyu da kwata, takardar likita a hannunta, ta sa ta cikin littafi don kada ta lanƙwashe.

"Ba'are, ga uwargijiyarka ta iso. Ina kujera?"

"Zauna. Ana ɗan gyara."

"Gyaran mi?"

"Ƙaramin abu ne."

Ban saba ƙarya ba, kuma ba ta yi mini daɗi a baki ba. Ta zauna tana ba ni labarin layin da ta bi a gidan likita, da yadda motar da ta kawo ta ta kafe cikin rairayi har fasinja suka sauka suka tura. Ina jin ta kamar daga nesa. Na fita waje da salulata na kira ɗan 'yar'uwata. Magidanci ne, shi ke da shagon gyaran salula da kwamfuta a kasuwa, shi ya sayo mini wannan ɗin ma. Bai ɗauka ba. Na kira matarsa, ta ce ai tun jiya ya ƙetara iyaka sayen kayan gyara, sai jibi. Na ci gaba da kira. Aka kira azahar, na tafi masallaci na dawo, ban iya tuna ko raka'a nawa na samu ba.

Da na shigo ta daina wasa. Tana tsaye gaban tebur tana kallon kayen da na bari a buɗe, da jerin mintocin.

"Mushe, faɗa mini gaskiya."

Tun da na san ta ba ta taɓa yi mini kiran girmamawa na Mushe ba, sai Ba'are. Na faɗa mata duka, bi da bi: saƙon, dannawar da na yi, rubutun da na karanta, igiyar da na zare, kwatan da na tsaya jira. Ban rage komai ba. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta koma benci ta zauna, ta buɗe littafin ta dubi takardar likitar, ta rufe.

"Ko na ɗauki kabu-kabu yanzu," ta ce, "ban san rijiyar da suka sauka ba."

Ƙarfe biyu saura kaɗan ɗan 'yar'uwata ya kira ni da wata lamba ta can ƙetare. Muryarsa tana zuwa tana yankewa, ga hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Kawu, lafiya? Kira goma sha ɗaya na gani. Na ɗauka rasuwa aka yi."

Na karanta masa abin da ke kaye. Ya saurara har na gama.

"Wato ta ce kada a kashe, kai kuma ka kashe."

"Ba kashewa na yi ba, zarewa na yi."

"To. Allah Ya ba mu sa'a. Zare sharja. Kifa ta kan tebur. Ka ga 'yan maƙulli biyu a gindinta?"

Na gan su. Ya ce in tura su in zaro batirin. Ban taɓa buɗe komai a jikinta ba. Ɗaya maƙullin ya ƙi turuwa, sai matar ce ta taso ta sa farce ta tura. Batirin ya fito, da zafi kamar an ajiye shi a rana. Ya ce in danne maɓallin kunnawa in ƙirga talatin. Na ƙirga da ƙarfi. Ya ce in sa sharja kaɗai, in bar batirin a gefe, in kunna. Layin ya yanke daidai nan.

Na danna. Ta tashi. Muka tsaya mu biyu muna kallon agogon bango. Minti uku. Biyar. Da ta kai goma ba ta mutu ba, na ɗauki bik na ja layi kan lamba ɗaya. Ya sake kira.

"Ta tsaya," na ce. "Yanzu rezo."

"Kawu, takardun fa?"

"Suna ciki."

"Fitar da su tukuna. Sa su a salularta."

"Ba haka tsarin yake ba. Wuta, rezo, sannan aikawa. Kuma ka san ba na haɗa salula."

"Kawu, saurare ni da kyau. Babu batir a cikinta yanzu. Kuran ya ƙyafta sau ɗaya ta mutu, kuma ban yi maka alkawarin za ta sake tashi ba. Rezo yana iya cin awa biyu. Kwafe takardu minti ɗaya ne. Tun safe da ta riƙa ba ka minti uku-uku, da ka kwafe su sau biyar."

Gaskiya ya faɗa. Sau shida ta tashi a gabana, jakar tana nan ina kallon ta, ni kuwa ina fama da sharja domin na rubuta wuta a lamba ɗaya. Na miƙa wa matar hannu. Ta ba ni salular da igiyarta. Gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Na soka. Kwamfutar ta yi ɗan ƙara, ta nuna salular. Na ja jakar na saka. Koren layi ya tafi ya cika. Na ce ta buɗe ta ƙirga. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunansu, har bakwai. Ta shimfiɗa takardar likita kan tebur ta ɗauki hotonta da salular, ta zama takwas. Sai a lokacin na ji rigata ta manne a bayana.

Rezo ya ci lokaci kamar yadda ya faɗa. Ya sa na duba ko alamar jirgin sama ce ta kunnu ta rufe komai, ba ita ba ce. Ya sa na shiga wani jeri mai tsawo na kayan cikin na'urar, yana faɗa mini kalmomin Faransanci ina nema da yatsa, layi yana yankewa yana sake kira. Can na ga wani suna da ɗigon rawaya a gefensa. Ya ce shi ke nan, mizajur ɗin ya cire abin da ke tuƙa rezo bai kai ga sa sabo ba, kuma ba a samo sabon sai da intanet.

"Wato sai da rezo ake gyara rezo."

"Haka suka yi ta, Kawu, ba ni na ƙera ba. Salularta tana haɗe har yanzu? Ta shiga inda ake raba intanet, ta zaɓi ta igiya."

Ta nema ta samu. A ƙasan fuskar kwamfutar wata ƙaramar alama ta fito. Na buɗe shafin konkur ɗin, ya buɗe a hankali, amma ya buɗe. Ƙarfe uku da rabi ta wuce. Ya ce motarsu za ta tashi, in kira shi in wani abu ya faru, ko da yake a hanya babu rezo.

Shafi biyar ne. Na cike na ɗaya, suna da ranar haihuwa da wurin haihuwa. Na cike na biyu, karatu. Tun ina na biyun na ga hasken ƙofa ya canza. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa kwanon rufi, tela yana kwashe kayansa daga waje. Duk wanda ya zauna garin nan ya san abin da ke biyo bayan wannan iskar. Na ƙara sauri, ni da ba na son sauri, har na rubuta shekarar difloma ba daidai ba na goge. Ina tsakiyar shafi na uku fanka ta tsaya. Fitila ta mutu, kwamfuta ta mutu tare da ita. Wannan karon ɗaukewa ce ta gaske.

Ɗakin ya yi duhu. Na ji matar ta ja numfashi. Agogo ya nuna huɗu da minti biyar.

"Salular," na ce. "Takardun suna cikinta. Buɗe shafin a nan."

Cikin shagon sanda ɗaya rezo yake nunawa, ruwa kuma ya fara sauka kan kwano har ba ma jin juna. Muka koma bakin ƙofa, inda yake kai biyu. Feshin ruwa yana jiƙa mana ƙafafu. Na tare ta da jikina daga gefen iska don kada ya taɓa salular. Duk abin da na cike ya tafi, sai daga farko. Ita take bugawa, ni ina riƙe da kaye ina faɗa mata abin da ke biye, ina sa ta maimaita kowane layi kafin ta wuce. Tsagin gilashin ya bi ta kan wasu haruffa, sai ta danna sau biyu ko uku kafin su shiga. Aka kira la'asar, muryar tana zuwa tana ɓacewa cikin ruwa. Ban motsa ba.

Huɗu da rabi muka kai shafi na biyar, inda ake ɗora takardu. Ta haihuwa ta hau. Ta ɗan ƙasa ta hau. Difloma ta kai rabi ta tsaya, aka rubuta an kasa. Ta sake, ta sake tsayawa. Batirin salular ya koma ja.

"Kada ki taɓa komai," na ce. "Ɗaga hannunki sama."

Ta miƙa hannu waje ƙarƙashin bakin kwano, ruwa yana bin gwiwar hannunta yana shiga rigarta. Leɓunanta suna motsi, ban san ko addu'a take ko ƙirga ba. A karo na uku ta hau. Sauran biyar suka bi, kowace da nata jinkirin. Da ta takwas ta hau, wani koren maɓalli ya fito a ƙasa. Ta dube ni.

"Danna."

Ta danna. Fuskar ta yi fari fat, wani ɗan zobe yana juyawa a tsakiya. Ban san ko minti nawa ya yi ba, domin na kasa juyawa in dubi agogo. Abin da nake tunani shi ne in salular ta mutu yanzu ba za mu san ko ya tafi ko bai tafi ba, kuma babu wanda za mu tambaya. Sai rubutu ya fito, an karɓi dosiye, da wata doguwar lamba a ƙasa. Na ce ta karanta. Ta karanta na rubuta, na karanta mata ta duba. Biyar saura minti goma sha biyu. Ba mu gama dubawa karo na biyu ba salular ta mutu a hannunta.

Na yage shafin na kwafe lambar na ba ta. Ta ninke ta sa cikin littafi tare da takardar likita. Ta zauna a benci har ruwa ya tsagaita. Na yi alwala na rama la'asar a cikin shago. Da na sallame ta riga ta tafi tasha neman motar ƙarshe.

Ɗan 'yar'uwata ya dawo bayan kwana biyu, ya ɗauki kwamfutar ya mayar da ita tsohon tsarinta, ya sake yin mizajur ɗin a shagonsa inda yake da batirin hasken rana, ya sa mata sabon batir. Wannan bai kwantar mini da hankali ba. Lamba ba ta nufin an amince da dosiye. Ana iya cewa hoton takardar likita bai fito ba, ko mun yi kuskuren wata rana cikin saurin nan. Na yi sati biyar ina buɗe shafin kowace safiya kafin in yi shara.

Matar ce ta riga ni gani. Ina cikin buga wa wani takarda salulata ta yi ƙara.

"Ba'are, sunana ya fito. Zan zauna jarrabawa."

"Ranar haihuwa daidai take?"

"Daidai."

"Sunan mahaifi fa?"

"Shi ma daidai."

"To ki je ki yi karatu," na ce, na ajiye salular, na ci gaba da takardar mutumin.